Tozon Saniyar Kogo

Ku samarin da ake turowa yanzu ku gaje mu a duwatsun Birnin Kudu, na lura abin da kuke fara nema in kun iso shi ne inuwa. Sai ku shimfiɗa tabarma a bakin kogo, ku ce ai wannan ba aiki ba ne, hutu ne da albashi: baƙo ya zo, ka nuna masa bango da sanda, ka ce ga shanun mutanen da, ya ɗauki hoto ya tafi. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na fara. Sunana Haruna, na yi shekara talatin da 'yan kai ina nuna wa mutane shanun nan. To, ku gyara zama.

An ɗauke ni aikin ne 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin muna ƙarƙashin Kano. Gwamnati ta ce zanen da ke jikin duwatsun nan kayan tarihi ne na ƙasa, a sa musu mai gadi. Wanda aka fara sawa shi ne Baba Tanko, tsohon maharbi, don babu kogon da bai sani ba tsakanin Wurno da Gwaram. Sai dai bai yi boko ba, ga shi ana son wanda zai riƙe littafin da baƙi ke sa hannu, ya kuma ɗan gwamutsa Turanci. Ni na yi elementare, ina da mata da 'ya guda, gonar geron da na gada kuma ba ta riƙe mu. Sai aka haɗa mu.

Ranar farko Baba Tanko ya zube mini kayan aikin a ƙasa: doguwar sandar gora, tsintsiyar kaba, mabuɗin shingen waya, buta, da wani mulmulallen dutse da bai wuce cikin tafin hannu ba. Sandar ta macizai ce, da ita kuma ake nuna zane, amma bakinta ba ya taɓa bango. Tsintsiya ta kashin jemage da na awaki ce. Butar kuwa ba ta alwala ba ce. A wancan zamanin yayyafa wa bangon ruwa muke yi don zanen ya fito jawur a idon baƙo. Mulmulallen dutsen shi ne na bugun dutsen kiɗa, wannan faffaɗan da ke ɗore a kan 'yan'uwansa a bayan kogo. Na san shi tun ina yaro, amma bugun hauka muke yi masa. Baba Tanko ya nuna mini ƙananan ramuka bakwai da ke gefensa, sumul-sumul. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi ƙara kamar ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa na kusa da shi, murya ta canja. Ya ce, "Kowane rami da bakinsa. Hannun mutane ne ya cinye su haka, ba ruwa ba. Sai ka iya bakwai ɗin nan kafin in bar ka da baƙo." Wata biyu na yi ina bugun dutse kafin ya ce na fara.

Ganin zane kyauta ne, har gobe, don haka kowa baƙonmu ne. Akwai direbobin manyan motoci na hanyar Maiduguri, waɗanda za su hau dutse su sha iska kafin injin ya huce. Akwai 'yan makaranta, su kuma ba ruwansu da tarihi, hankalinsu na kan dutsen zamiya, inda suke gangarowa a zaune har wanduna su yage. Akwai ƙawayen amarya da ke zuwa da hantsi su buga dutsen kiɗa suna waƙa, al'adar da suka gada tun kafin a san da wata gwamnati; su ba a nuna musu komai, sai dai ka matsa ka ba su wuri. Sai Turawa. Su harshensu ba ya jan wasali, sai su tsaya a tasha su ce suna neman zane, a gajarce, 'yan kamasho kuwa su raka su rumfar masu atamfa. Akwai wanda ya iso wurinmu da turmi biyu a hammata, fuska jawur, bai san yadda aka yi ya saya ba.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne haske. Zane yana da lokacinsa. Wata saniyar ba ta fitowa sai da sassafe, rana na yin sama ta shige cikin dutse kamar ba a taɓa zana ta ba. Wata kuma sai la'asar. Idan baƙo ya zo a lokacin da bai dace ba, kada ka ce masa ya jira, tafiya zai yi. Sai ka ja shi wurin dutsen kiɗa ka ba shi ya buga, ka hau da shi sama ka nuna masa garin da gonakinsa, kana satar kallon inuwa. In ta kai inda kake so, ka ce, "Af, na kusa mantawa, zo ka ga wani abu." Sannan dole ka san abin da za ka ce in an yi maka tambayar da ba ka da amsarta. Baba Tanko amsarsa ɗaya ce: "Allah ne Masani." Ni kuwa da 'yar bokona, kunya nake ji in ce ban sani ba.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta tozo. Duk shanun da ke bangon nan dogayen ƙahoni gare su, wasu jajaye, wasu dabbare-dabbare, amma bayansu a miƙe yake sak. Mu kuwa tun da muka buɗe ido ba mu taɓa ganin saniya marar tozo ba. Na tambayi Baba Tanko, ya ce Allah ne Masani. Na yi ta juya abin a raina. Mantawa suka yi? Jan ƙasar ce ta ƙare musu? Ko tozon ne ya fi saurin gogewa? Mutumin da ya iya zana kunne da kofato, har da hantsar saniya, yaya za a yi ya manta abin da ya fi komai fitowa?

Wanda ya fi tsokanata a kan wannan shi ne Ardo Buba, wani Bafillace daga wajen Zandam, mai biyowa ta wurinmu da garkensa duk kaka. Wata rana na kai shi wani ɗan kogo can nesa da gari, ta hanyar Unguwar Ya, wanda baƙi ba su cika zuwa ba. Shanu huɗu ne a ciki, ɗaya babba ja a tsakiya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wannan babbar ciki gare ta, dubi yadda kwiɓinta ya sauka. Wanda ya zana ta ya san nagge," wato saniya. Sai ya kwashe da dariya. "Amma Kaɗo, kakanninka makwaɗaita ne. Sun yanke tozon sun gasa kafin su zana ta."

Na ce wataƙila muturu ce, irin 'yan gajerun shanun kudu.

Ya ce, "Muturu da wannan ƙahon? Ka dai nemo wata ƙaryar."

Ya tafi yana dariya, ya bar ni da haushi.

A makon ne aka aiko cewa wasu manya za su zo daga Kano su zaga kogwannin duka. Baba Tanko ya tafi Gwaram ta'aziyya. Na ce a raina, in makiyayi ya yi mana dariya, manya fa? Na je wurin matan da ke ginin tukwane na karɓo jan ƙasar da suke shafe tulu da ita, na daka, na kwaɓa da ƙaro, na tauna asuwaki har bakinsa ya yi gashi. Na shiga ɗan kogon da hantsi, niyyata in gyara duka huɗun. Na fara da babbar, na ɗora mata tozo mai kyau, na ja da baya in duba. Wallahi ba zan iya ce muku ga abin da ya canja ba. Amma saniyar ta zama kamar wadda aka sa wa kayan aro. Na zuba ruwan buta in wanke, ashe ƙaro ya riga ya kama, sai ma ya bi ƙofofin dutsen ya zauna daram. Na tattara kayana na fito. Manyan da aka ce za su zo kuwa, kogon Dutsen Mesa kawai suka leƙa suka koma motocinsu.

Ban faɗa wa kowa ba. Baba Tanko idonsa ya riga ya fara hazo, ba ya ganin abin da ke cikin duhun kogo, ya kuma rasu bayan damina biyu bai sani ba. Na daina kai baƙi can. Ƙura da hayaƙin wutar makiyaya suka yi ta hawa kan tozon har ya dafe, ya zama launi ɗaya da saniyar. Da tafiya ta yi nisa, ni kaina wani lokacin sai in ji kamar da shi aka zana ta.

Arzikin mai ya fara shigowa, motoci suka yawaita, baƙi ma haka. Na zama babban mai gadi. Ina tuna wani Alhaji da ya zo da sabuwar mota, ya buga dutsen kiɗa sau ɗaya, ya ce zai aiko da tirela a kai masa shi tsakar gidansa a Kano. Na ce, "Alhaji, ai zaman da ya yi a kan 'yan'uwansa ne ke sa shi magana. Kana sauke shi ƙasa ya zama bebe." Bai yarda ba sai da na kai shi wurin wani dutsen kiɗan da ya gangaro da kansa tun tuni, na ba shi ya buga, ya ji dum kamar ya doki bango. Ya haƙura. Samari masu rubuta sunansu da gawayi a bakin kogo kuwa, har gidajen iyayensu nake bin su. Ina yi musu faɗa a kan taɓa abin tarihi, bakina ko rawa ba ya yi.

Sai shekarar fari ta zo. Damina biyu a jere gero bai yi ba. Baƙi suka ɗauke ƙafa, ƙawayen amarya ma suka daina zuwa, don ba a biki. Ina zaune a bakin kogo ina kallon shanu na gaske suna wucewa kudu, fata da ƙashi, tozonsu ya zube ya kwanta gefe guda. A layinmu gidana ne kaɗai ake ɗora tukunya sau biyu, albarkacin aikin nan. 'Ya'yana biyar, ga matar marigayi yayana da nata uku, duk a kansa muke. A ofis kuma aka fara raɗe-raɗin za a rage masu gadi.

A wannan shekarar Malama Rabi ta zo. 'Yar Zazzau ce, daga jami'a, tana rubuta littafin da za a ba ta babban digiri da shi a kan zanen duwatsu. A lokacin mace mai irin wannan karatu sai an tona. Ban taɓa samun baƙo irinta ba. Ba ta ɗaukar hoto ta wuce. Sai ta sa wata farar takarda shara-shara a gaban zane ta kwafe shi layi-layi, tana iya yini a kan saniya ɗaya. Ita ta hana ni buta, ta ce ruwan yana cin zanen a hankali. Ita ce kuma ta warware mini abin da ya dame ni kusan shekara goma.

Ta ce, "Malam Haruna, ba mantawa suka yi ba. Shanun da suka sani ke nan. Kafin masu tozo su shigo ƙasar nan, marasa tozo ne ake kiwo, masu dogon ƙaho. Abin da suka gani suka zana."

Na ji daɗi har na tafa hannu. Sannan na tuna ɗan kogo da tozon da na ɗora.

Ta ce tana son ganin kowane kogo, har wanda ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Na yi ta kewaye-kewaye: hanya ba kyau, akwai gamsheƙa a wurin, zanen ma ya goge. Ta ce ta ji, mu je. Muka hau kekuna da sassafe, muka isa daidai lokacin da haske ke shiga ɗan kogon. Tana ɗaga kai ta ga babbar saniyar, sai alƙalami ya faɗi daga hannunta.

Ta ce, "La'ilaha illallahu! Malam Haruna, ka san abin da ke nan? Mai tozo a tsakiyar marasa tozo! Ke nan mutanen nan sun ga zuwansu da idonsu. Babu wanda ya taɓa rubuta wannan."

Ta zauna daɓas cikin kashin jemage tana dariya. Na ce, "Ikon Allah."

Kwana uku muna komawa tana kwafar saniyar nan. Ni nake riƙe mata takarda, hannuna daidai saitin tozon. Ta ce ta canja shawara, littafin duka a kan wannan saniya zai tsaya, za ta kuma sa sunana a ciki a matsayin wanda ya nuna mata. A safiyar ranar ƙarshe ta rubuta wa malaminta wasiƙa, ta ba ni in kai gidan waya in mun koma gari. Ni kuwa abin da ke gabana a fili yake. In na yi shiru, ƙaryata za ta shiga littafi, a koya wa 'yan makaranta, wata rana wani mai ido ya gano, a ce Malama Rabi ba ta san aikinta ba. In na yi magana, mai gadin da ya ɓata abin da aka ba shi tsaro ba a daɗewa ana shawara a kansa, ga baki goma suna ci daga hannuna a shekarar da babu ko zangarniya a rumbu. Tsoro na ji, ba kaɗan ba.

A rana ta uku sai ga Ardo Buba. Ya tsufa, garken da a da yake cika kwari ya koma shanu tara, yana kora su kudu. Ya ga kekunanmu a bakin kogo ya leƙo.

Ya ce, "Kaɗo, kana nan kana kiwon shanun da ba sa shan ruwa? Kai ka more bana."

Muka gaisa, ya gaida Malama. Ta ce, "Baffa, zo ka ga 'yar'uwar shanunka."

Ya tsuguna inda ya tsuguna shekarun baya. Ya daɗe. Ban san ko ya tuna ba. Can ya ce, "'Yata, wanda ya zana saniyar nan makiyayi ne. Wanda ya zana tozon kuwa manomi ne. Dubi inda ya ɗora shi, a tsakiyar baya kamar na raƙumi. Tozo a kan kafaɗa yake zama."

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya yi mana sallama ya bi shanunsa.

Malama Rabi ta sake duba bango, sannan fuskarta ta washe. Ta ce, "Wataƙila sababbi ne a wurinsu, ba su gama sanin ƙirarsu ba. Ai wannan ma hujja ce." Ta ɗauki alƙalami za ta rubuta.

Na ce, "Malama, ajiye alƙalamin."

Ta dube ni.

Na ce, "Manomin da Ardo yake faɗa, ni ne."

Na zayyane mata komai, tun daga jan ƙasar masu tukwane har asuwaki. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗauko gilashinta mai ƙara girman abu ta kafa a gefen tozon, ta daɗe, sannan ta kira ni in duba. Ga zaren asuwaki guda biyu nan maƙale cikin ƙaro, suna zaune inda na bar su.

Ta fita ta zauna a kan dutse ta ba ni baya. Na ga kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ban kuma je na duba ba. Can ta ce, "Ba ni wasiƙar nan." Na ciro daga aljihu, ta yayyaga ta.

Ta ce, "Me ya sa ka yi?"

Na ce, "Kunya na ji a ce mutanenmu na da ba su iya zanen saniya ba."

"To me ya sa ka faɗa? Ai da ka tsira."

Na ce, "Kin ce za ki sa sunana a littafin. Gara ya shiga inda ya dace."

Ta ce ba za ta ɓoye ba, dole ta rubuta wa ofis. Na ce na sani. Bayan wata guda aka kira ni Kano. Na tafi da mabuɗin shinge a aljihu don in miƙa, ban sa ran dawowa da shi ba. Wani babban jami'i ya karanta mini rahotonta. Ta rubuta ɓarnar dalla-dalla, ba ta rage ko ɗigo ba. A ƙarshe ta rubuta cewa da bakina na faɗa, a lokacin da ita kanta ta buɗe mini hanyar tsira, kuma babu wani mai rai da ya san kogwannin nan da lokutan haskensu kamar ni. Jami'in ya wanke ni tas, faɗan da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Aka sauke ni daga babban gadi, aka ɗora wani a kaina, wanda sai da na koya masa bugun dutsen kiɗa. Amma ba a kore ni ba, tukunya ta ci gaba da hawa murhu.

Na roƙi a bar ni in kankare tozon. Masana suka zo suka duba, suka ce ƙaron ya shige dutse, duk abin da zai ɗauke shi zai tafi da gadon bayan saniyar. Sai aka bar shi, aka gindaya mini sharaɗi: duk baƙon da na kai wurin, in faɗa masa wanda ya yi. Haka na yi har na ajiye aiki. 'Yan makaranta sun fi son kogon nan fiye da kowanne, don a nan ne kaɗai suke ganin mai zanen da idonsu. Akwai 'yar da ta taɓa tambayata ko ni ma na kai shekara dubu.

Har yau ban san su wane ne suka zana shanun nan ba, ko da wane yare suke kiransu, ko me ya sa suka zaɓi kogon da rana ke shiga da safe. In baƙo ya tambaye ku, ku ce ba ku sani ba. Ba a taɓa korar kowa don wannan ba. Gobe da sassafe ku zo mu je ɗan kogon, ƙafata za ta kai ni in an bi a hankali. Za ku ga saniyar da ta yi zamanin da Allah kaɗai Ya san tsawonsa. Damina ta zo ta wuce, fari ya zo ya wuce, jemagu da hayaƙin makiyaya ba su rage ta da komai ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa cutar da ita, shi ne wanda aka ɗauka ya tsare ta. Ku zo da sandunanku, hannuwanku kuma ku bar su a aljihu.